Yadda ake gano gaɓoɓin da ke aiki a cikin dogon RNA marar fitar da furotin

A cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam akwai dubban RNA, wato kwafin da ake ɗauka daga DNA, da tsawonsu ya haura haruffa 200 (harafi shi ne tubalin RNA: A, U, G ko C) amma ba a sarrafa su zuwa furotin, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da lncRNA. Mai bincike da ya saba da ƙwayoyin gado masu fitar da furotin yakan sha wuya idan ya shigo wannan fage, domin a can akwai ƙa'idar karatu tabbatacciya: haruffa uku-uku, kowane uku amino asid ɗaya, kuma harafin da ya canja ana iya hasashen ɓarnar da zai yi. A nan babu irin wannan ƙa'ida. XIST, wanda aka gano a 1991 kuma shi ne ke kashe ɗaya daga cikin kuromosom X biyu na mace, wato ya hana ƙwayoyin gadonsa aiki, tsawonsa ya kai kusan haruffa 17,000, amma ikon kashewar ya rataya ne a kan ɗan gajeren yanki kusa da farkonsa. Yawancin waɗannan RNA kamar dogon zare suke wanda aka jera wa duwatsun ado jefi-jefi, kuma aikin mai bincike shi ne ya bambance dutse, wato gaɓar da ke aiki, da zare.

Matakan da ke tafe an jera su ne bisa tsarin da ya kamata a bi, kuma jerin yana da muhimmanci. Kwamfuta tana iya nuna wuraren da ake zargi, amma hukunci sai an cire gaɓa aikin ya lalace, sannan an mayar da ita aikin ya dawo.

Mataki na farko: sanin ainihin RNA ɗin da ke hannu

Kafin komai, a tabbatar da inda RNA ɗin ya fara, inda ya ƙare, da irin yankan da ake yi masa a cikin ƙwayar halittar da ake nazari. Rumbunan bayanai irin su GENCODE da RefSeq wurin farawa ne kawai, domin sau da yawa sifar da suka rubuta guntu ce, ko kuma ta wani nama ce daban. Bayanan hanyar CAGE na shirin FANTOM suna nuna inda ake fara kwafar RNA daga DNA, injunan da ke karanta dogon jeri a numfashi ɗaya, wato PacBio da Oxford Nanopore, suna nuna cikakken jikin kowace sifa, sannan tsohuwar hanyar Northern har yau ita ce ke gaya wa mutum girman abin da ya fi yawa a zahiri. NEAT1 ya isa misali: yana da gajeriyar sifa mai haruffa kusan 3,700 da doguwa mai kusan 23,000, kuma doguwar ce kaɗai ke gina ƙananan dunƙulen da ake kira farasfekul a cikin cibiyar ƙwayar halitta. Wanda ya ɗauki gajeriyar ya shiga neman gaɓar gini a cikinta zai ɓata watanni a banza.

A wannan matakin ne kuma ake auna abu biyu da za a buƙata daga baya. Na ɗaya, wurin zaman RNA ɗin: a manne yake da kuromosom, ko yana yawo a cibiya, ko ya fita zuwa saitofilazim, wato sashen ƙwayar halitta da ke wajen cibiya? Ana gane haka ta raba sassan ƙwayar halitta a auna kowanne, ko ta hanyar smFISH da ke haska kowane ƙwayar RNA a matsayin ɗigo ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na biyu, yawansa a kowace ƙwayar halitta. Da yawa daga cikin lncRNA ba su wuce kwafi ɗaya ko biyu ba, wasu ma ba su kai ɗaya ba idan aka raba, alhali wani lncRNA mai suna NORAD yana kaiwa ɗaruruwa zuwa dubu.

Mataki na biyu: kawar da zargin furotin

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma tsallake shi ganganci ne. A shigar da jerin cikin manhajar CPAT ko CPC2, masu hasashen ko jeri zai fitar da furotin, a duba makin PhyloCSF mai auna wannan bisa kwatanta dabbobi a shafin taswirar DNA na UCSC, sannan a nemi bayanan sawun raibosom, injin haɗa furotin, na irin naman da ake nazari. An sha samun RNA da aka yi wa rajista a matsayin marar furotin, daga baya aka tarar yana fitar da ɗan ƙarami: mayoregulin mai amino asid 46 da aka bayyana a 2015, da DWORF mai 34 a 2016, dukansu a tsoka. Idan an ga ɗan gajeren layin karatu da dabbobi daban-daban suka adana, musamman idan canje-canjen sun taru a harafi na uku na kowane uku, sai a lalata harafin farawa na AUG a ga ko aikin ya tsaya.

Mataki na uku: tabbatar da cewa RNA ɗin ne ke aikin

Nan ne mafi yawan bincike ke karkacewa, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Wurin da ke fitar da lncRNA yana iya shafar maƙwabtansa ta hanya uku da ba su da alaƙa da juna. DNA ɗin wurin yana iya ɗauke da yankin da ke zaburar da wata ƙwayar gado, ko da ba a kwafi komai ba. Aikin kwafin kansa, wato wucewar folimares, injin da ke kwafar DNA zuwa RNA, yana iya danne ko buɗe abin da ya bi ta kansa. Sannan RNA ɗin da aka samar yana iya yin aiki da jikinsa. Na ukun ne kaɗai ke ba da dalilin neman gaɓoɓi a cikin RNA.

A 2016 Jesse Engreitz da abokan aikinsa suka gwada wurare 12 masu fitar da lncRNA a ƙwayoyin halittar ɓera. Biyar daga ciki sun shafi maƙwabciyar ƙwayar gado lokacin da aka cire mafarin kwafinsu, amma babu ko ɗaya da ya buƙaci takamaiman jerin RNA ɗin. Haka lncRNA mai suna Airn, wanda aka nuna a 2012 cewa wucewar kwafinsa ta kan mafarin ƙwayar gado Igf2r ta wadatar wajen kashe ta a cikin amfrayo. Wanda bai yi wannan tantancewa ba zai iya ƙona kuɗi yana neman ma'ana a jerin da ƙwayar halitta ba ta damu da shi ba.

Babu gwaji ɗaya da ke raba gardama, sai an haɗa. CRISPRi, wani salon CRISPR (dabarar gyara DNA), yana rufe mafarin kwafi ba tare da yanka DNA ba, amma yakan taɓa maƙwabci idan mafaran suna kusa. Dasa alamar tsayar da kwafi kusa da farko yana barin DNA kusan yadda yake ya hana RNA fita. Gajerun jerin da ake ƙerawa su dace da RNA, wato ASO, suna sa furotin RNase H ya yanka RNA ɗin, sai dai an nuna a 2020 cewa idan aka nufi kusa da farkonsa suna iya katse kwafin da ke gudana, don haka ya fi kyau a nufi kusa da ƙarshe. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne ceto: a kashe na asali, a samar da RNA ɗin daga wani wuri, a ga ko lafiya ta dawo. Ga RNA da ke aiki a wurin haihuwarsa kawai, ceto daga nesa ba zai yiwu ba, sai a ɗaure shi a wurin da dCas9, furotin CRISPR da ke kama DNA ba ya yanka, ko a dasa shi a wani kuromosom a duba maƙwabtan sabon wurin.

Abin da ake so a fita da shi daga wannan mataki shi ne ma'auni, wato abu guda da za a iya ƙirgawa, mai canjawa idan RNA ya ɓace: yawan kwafin wata ƙwayar gado, adadin farasfekul a kowace cibiya, ko kason ƙwayoyin halittar da suka yi kuskuren raba kuromosom. A ganina, duk wanda ba shi da irin wannan ma'auni bai shirya shiga matakan da ke gaba ba, komai kyawun taswirar da kwamfuta ta zana masa.

Mataki na huɗu: tattara wuraren zargi a kwamfuta

Ana farawa da abin da juyin halitta ya adana. A buɗe wurin a UCSC, a kunna makin phyloP da phastCons, masu auna yadda dabbobi suka adana kowane wuri, musamman na jerin dabbobi masu shayarwa sama da 200 na shirin Zoonomia. Kada a yi tsammanin ganin dogon yanki mai kama da juna, domin mafi yawan lncRNA na ɗan Adam ba su da takwara mai kama da su a dabbobin da suka yi nisa da mu. Abin nema shi ne ɗan tsibiri. Cyrano, wanda Igor Ulitsky da abokansa suka bayyana a kifin zebra a 2011, ya bambanta ƙwarai tsakanin kifi da mutum, in ban da wani ɗan yanki da ke ɗauke da mazaunin da ya yi kusan daidai da miR-7, wani ɗan ƙaramin RNA na rukunin microRNA, harafi da harafi. A 2018 aka nuna a ɓera cewa wannan mazaunin ne ke jawo rushewar miR-7 a ƙwaƙwalwa. Kafin a yi murna da tsibiri, a duba ko ya faɗa kan mafarin kwafi, ko kan iyakar ekson (yankin da ke saura a RNA bayan yanka da ɗinki), ko kan wata ƙwayar gado da ke ɗaya zaren DNA, domin waɗannan ana adana su saboda DNA ko saboda yanka da ɗinki.

Idan BLAST, shirin kwamfuta mai neman jerin da suka yi kama, bai sami takwara ba, a nemo ta ta maƙwabta: idan RNA ɗin yana tsakanin ƙwayoyin gado biyu a mutum, a duba ko akwai kwafi tsakanin waɗannan biyun a ɓera, kaza ko kifi. Da an tara takwarori sai a ba manhajar LncLOOM, wadda aka fitar a 2021, ita kuma ta nemo gajerun kalmomin da suka bayyana a dukansu bisa jeri ɗaya ko da tazarar da ke tsakaninsu ta canja.

Sai maimaici. A kwatanta RNA ɗin da kansa a taswirar ɗigo, a kuma bi shi da Tandem Repeats Finder da RepeatMasker. Mutane da yawa sukan share maimaici tun farko saboda yana rikita lissafi, kuma wannan asara ce, domin a lncRNA maimaici na cikin wuraren da aiki ya fi taruwa. XIST yana da maimaici shida, A zuwa F, kuma manyan ayyukansa da aka sani suna rataye a kansu: furotin SPEN yana kama maimaicin A, hnRNPK yana kama B ya jawo rukunin furotin na Polycomb mai danne ƙwayoyin gado, CIZ1 da PTBP1 suna kama E. Ragowar jerin DNA masu tsalle daga wuri zuwa wuri irin su Alu ma suna iya zama gaɓoɓi.

Hanya ta uku ita ce ƙirga gajerun kalmomi. SEEKR, daga ɗakin binciken Mauro Calabrese a 2018, yana ƙirga yawan kowace kalma mai haruffa shida, waɗanda jimillarsu 4,096 ce, ya kwatanta RNA biyu bisa wannan ƙidaya ba bisa jeri ba. Ya fi amfani idan aka yanka dogon RNA gida-gida aka kwatanta kowane gida da sanannen yanki kamar maimaicin A ko B.

Wajen neman mazaunin furotin ne ake buƙatar ɗan lissafi don kare kai daga ruɗu. Kalma mai haruffa shida tana faɗowa da ka sau ɗaya a kowane haruffa 4,096, ke nan a RNA mai tsawon XIST za a same ta kusan sau huɗu ba tare da wata ma'ana ba. Manhajar neman mazauni za ta cika shafi da sunayen furotin, kuma yawancinsu hayaniya ce. Kwatanta da NORAD: furotin PUMILIO yana kama UGUANAUA, inda N ke nufin kowane harafi, wato haruffa bakwai ne tsayayyu, abin da ake sa ran gani sau ɗaya a haruffa 16,384. NORAD yana da haruffa kusan 5,300, don haka ko ɗaya ba lallai a samu ba, amma an tarar da aƙalla 15, kuma ɓera ma ya adana yawancinsu. Irin wannan rata ce ake nema. Hanyar auna ta ita ce a gauraya jerin sau dubu tare da kiyaye yawan haruffa bibbiyu, a ga sau nawa gaurayen ya kai adadin gaske.

Game da naɗi, wato yadda RNA ke lanƙwashewa haruffansa su haɗu da juna, a yi hattara. RNAfold zai naɗe duk jerin da aka ba shi, har wanda aka ƙirƙira da ka, ya fitar da zane mai ban sha'awa. Sinadaran SHAPE da DMS suna nuna haruffan da ke sake da waɗanda suka haɗu, kuma sun fi amfani idan an yi su a cikin ƙwayar halitta mai rai aka kwatanta da na kwalba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce canji biyu masu tafiya tare, inda G da C a wata dabba suka koma A da U a wata amma haɗin bai karye ba. A 2017 Elena Rivas da Sean Eddy suka gwada sifofin naɗi da aka gabatar wa lncRNA masu suna HOTAIR da SRA da maimaicin A na Xist da manhajar R-scape, ba su sami wannan hujja ba, kuma muhawarar da ta biyo baya ta koya wa fagen taka-tsantsan. Akwai naɗin da babu jayayya a kansa, kamar murɗaɗɗen zare uku na ƙarshen lncRNA mai suna MALAT1, inda yankuna biyu masu yawan U ke rungumar wutsiya mai yawan A su kare RNA daga rushewa. An ga sifarsa a kiristal a 2014.

Mataki na biyar: tambayar ƙwayar halitta kai tsaye

Gaɓa tana aiki ne ta kama wani abu, galibi furotin. Shirin ENCODE ya saki taswirar eCLIP, mai nuna inda furotin ke kama RNA, ta furotin 150 a layukan ƙwayoyin halittar ɗan Adam K562 da HepG2, kyauta ga kowa, kuma idan RNA ɗin yana cikin waɗannan ƙwayoyin, rabin sa'a ta isa a ga wuraren da furotin suka taru. Idan ba ya ciki, sai a kamo shi da jerin da suka dace da shi bayan an ɗaure shi da abokan zamansa da hasken UV ko fomaldihaid, a karanta furotin ɗin da injin auna nauyin ƙwayoyi. Ta irin waɗannan hanyoyi, ChIRP-MS da RAP-MS, ne ƙungiyoyi daban-daban suka gano a 2015 cewa SPEN yana kama Xist. A tuna cewa furotin irin su hnRNP suna manne wa kusan kowane RNA, don haka dole a sa wani RNA mai irin tsawo da irin wurin zama a matsayin ma'aunin kwatanci.

Ga tambayoyin da suka shafi wurin zama ko daɗewa, akwai hanyar gwada dubban gutsattsari a lokaci ɗaya. A yanka jerin a takarda zuwa gutsattsari masu haruffa 110, kowanne ya gusa da haruffa 10 daga na bayansa, ta yadda RNA mai haruffa 5,300 zai ba da gutsure 520. A sa kamfani ya haɗa su, a dasa kowanne a wutsiyar ƙwayar gado mai sauƙin bin sawu kamar GFP, mai fitar da furotin mai koren haske, a zuba cikin ƙwayoyin halitta, a raba cibiya da saitofilazim, a ƙirga inda kowane gutsure ya tafi. Amfanin gusawar shi ne gaɓa ta gaskiya za ta bayyana a gutsattsari da yawa a jere, kuma inda suka haɗu shi ne iyakarta. Gutsure ɗaya tilo da ya yi tsalle ba abin dogaro ba ne. Da irin wannan tsari Yoav Lubelsky da Ulitsky suka gano SIRLOIN a 2018, gaɓa mai haruffa 42 da ta samo asali daga Alu, mai yawan C, wadda hnRNPK ke kamawa ya riƙe RNA a cibiya. Raunin hanyar a fili yake: duk gaɓar da ta fi gutsuren tsawo, ko take buƙatar wani yanki mai nisa, za ta kuɓuce.

Mataki na shida: cirewa, canjawa, mayarwa

Yanzu ne ake komawa ga ma'aunin da aka kafa a mataki na uku. A fara da manyan cirewa masu hawa kan juna, dubu ɗaya ko biyu kowanne, har a rufe jikin RNA ɗin duka, ba wuraren zargi kaɗai ba. Haka Anton Wutz da Rudolf Jaenisch suka yi wa Xist na ɓera a 2002, da kwafin da ake kunnawa da magani, suka tarar cewa idan aka cire maimaicin A, RNA ɗin yana ci gaba da lulluɓe kuromosom amma ba ya kashe shi. Darasin da ke ciki shi ne a riƙa auna abu fiye da ɗaya, domin lulluɓewa da kashewa gaɓoɓi daban ne ke ɗauke da su.

Bayan kowace cirewa, abu na farko da za a duba shi ne RNA ɗin da ya rage: yawansa, yankansa, da wurin zamansa. Idan cirewar ta rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma, to ɓacewar aikin ba ta nuna komai game da gaɓar ba, illa cewa an lalata kwafi ko daɗewa. A kuma ɗauki layin ƙwayoyin halitta aƙalla uku masu zaman kansu ga kowace cirewa, domin bambancin da ke tsakanin layi da layi yakan kai girman tasirin da ake nema.

Matsalar da ta fi ruɗa mutane ita ce gaɓoɓi masu maye gurbin juna. Ɗakin binciken Tetsuro Hirose a Japan ya yi wa doguwar sifar NEAT1 cirewa da CRISPR a ƙwayoyin HAP1, waɗanda kusan kowane kuromosom kwafi ɗaya kawai gare su, ya wallafa a 2018. Cire tsakiyar RNA ɗin, daga kusan harafi na 8,000 zuwa na 16,600, ya rushe farasfekul, amma cire ƙananan sassan wannan tsakiyar ɗaya-ɗaya bai yi hakan ba, domin kowanne yana iya tara furotin NONO da SFPQ masu gina farasfekul shi kaɗai. Saboda haka ƙaramar cirewa da ba ta canja komai ba ba ta wanke yanki daga zargi. Sai an gwada cire biyu ko uku tare.

Da an taƙaita yanki zuwa haruffa ɗari ko biyu, sai a bar cirewa a koma canja haruffa, domin cirewa tana matso da abubuwan da suke nesa da juna ta haifar da sabon naɗi. Ga mazaunin furotin, a canja zuciyar kalmar, kamar mayar da UGU na mazaunin PUMILIO zuwa ACA a duk wuraren da ya bayyana, sannan a tabbatar da CLIP cewa furotin ɗin ya daina kamawa. Ga naɗi, gwajin yana da ƙafa uku: a lalata gefe ɗaya na sandar, wato inda zare biyu suka haɗu, a lalata ɗaya gefen daban, sannan a haɗa canjin biyu yadda haruffan za su sake dacewa. Idan biyun farko sun kashe aikin na uku ya dawo da shi, naɗin ne ke aiki. Idan na ukun ma bai dawo da shi ba, haruffan kansu ake karantawa.

Saura tambayar wadatarwa. A ɗauki gaɓar ita kaɗai a dasa a wani RNA da ba ruwansa, a ga ko ta tafi da aikinta. Murɗaɗɗen zaren MALAT1 ya ci wannan gwaji a 2012, lokacin da aka sa shi a ƙarshen GFP marar wutsiyar A ya kare shi daga rushewa har aka sarrafa shi zuwa furotin. Akasin haka ma ana yi: a cire gaɓar, a sa sandunan MS2, ƙananan naɗin RNA da ake iya maƙala wa furotin, ko makamantansu a gurbinta, a ɗaure furotin ɗin da ake zargi a wurin da ƙarfi. A 2020 an ɗaure sashen SPOC na SPEN a kan Xist ta irin wannan dabara, kuma ya iya kashe ƙwayoyin gado da yawa na kuromosom X.

Kafin a rubuta sakamako, a dawo da ƙidayar mataki na farko a yi lissafin ƙarshe. Idan ana da'awar cewa RNA yana tsotse wani furotin ko wani microRNA ya hana shi aiki, a ninka yawan kwafinsa da yawan mazaunan da ke jikinsa, a kwatanta da yawan abin da ake cewa yana tsotsewa da kuma yawan sauran mazaunan da ke gogayya da shi a ƙwayar halitta. RNA mai kwafi biyar da mazauni ɗaya ba zai iya riƙe dubban ƙwayoyi ba, sai dai idan yana rushe su ɗaya bayan ɗaya kamar Cyrano. NORAD ma, duk da ɗaruruwan kwafinsa da mazaunansa 15, lissafin bai cika ba sai da Mahmoud Elguindy da Joshua Mendell suka nuna a 2021 cewa mazaunan da ke jere suna tara PUMILIO ya dunƙule wuri guda, dunƙulen kuma ya jawo ƙarin furotin fiye da adadin mazaunan. Haka kuma gwajin ceto ya kamata a yi shi da yawan RNA kusa da na asali, domin filasmid mai ƙarfi, wato zoben DNA da ake sakawa ya samar da RNA ɗin, yana iya ninka shi sau ɗari, kuma a wannan yawan kusan kowane jeri yana kama wani abu.